Fiffiken da Aka Kwantar: Nazarin Abin da Ya Faru a Indiyanafolis a Watan Mayun 2015

Tsakanin Laraba 13 ga Mayu da Lahadi 17 ga Mayun 2015, motocin tsere uku suka tashi sama suka kife a filin tseren Indiyanafolis da ke jihar Indiyana ta Amurka, dukkansu a lokacin atisaye, tun kafin ranar babbar gasar mil 500 ta zo. Direbobin uku sun fito da ƙafafunsu, amma abin ya girgiza hukumar IndyCar mai shirya gasar har ta sauya dokokin neman gurbi, wato gwajin gudun da ke tantance inda kowace mota za ta tashi ranar gasa, a ranar da za a yi shi, bayan ƙungiyoyi sun shafe mako guda suna shiri bisa tsohuwar doka. Wanda ya kalli hotunan kawai zai ce gudu ne ya yi yawa. Wanda ya bi lamarin daga tushe kuwa zai tarar da tambayoyi biyu da suka cakuɗe a wannan mako: ta farko ita ce yawan dannin iska, wato ƙarfin da iska ke danna mota ƙasa da shi, da ya kamata a bar wa mota domin kada ta kuɓuce wa direba, ta biyu kuma ita ce abin da iska ke yi wa motar bayan ta riga ta kuɓuce ta juya baya. Matakin da aka ɗauka ranar Lahadin ya taɓa tambaya ta farko ne kaɗai, ta biyun sai da aka shekara kafin a fara ba ta amsa.

Filin da motar

An gina filin Indiyanafolis a 1909, an kuma fara gasar mil 500 a cikinsa a 1911. Zagayensa mil 2.5 ne, wato kimanin kilomita 4, yana da miƙaƙƙun hanyoyi biyu dogaye da biyu gajeru, da kwana huɗu waɗanda duk hagu ake shan su. Abin da ya bambanta shi da sauran filaye masu siffar ƙwai shi ne ƙarancin karkatar kwaltarsa, domin kowace kwana an jingine ta zuwa ciki da digiri 9 da minti 12 ne kacal, alhali a filin Las Vegas karkatar ta kai digiri 20. Inda karkata ta yi yawa, kwaltar da kanta tana tallafe motar a cikin kwana. A Indiyanafolis babu wannan tallafi sai kaɗan, saboda haka motar da ke shiga kwana da gudun kilomita 370 a awa ta dogara ne da abu biyu, robar tayoyinta da kuma iskar da ke danna ta ƙasa.

Fiffiken motar tsere fiffiken jirgin sama ne da aka kife, yana tura mota ƙasa a maimakon ya ɗaga ta. Wannan danni yana ƙara wa taya riƙo ba tare da an ƙara wa mota nauyi ba, sai dai ba ya zuwa kyauta, domin duk fiffiken da ya tare iska yana haifar da turjiya da ke riƙe motar a miƙaƙƙiyar hanya. Lissafin ba shi da sassauci: idan gudu ya ninka biyu, danni da turjiya suna ninka huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata domin keta iskar kuma ya ninka takwas. Tarihin filin ya nuna girman abin tun da wuri. A 1971 Peter Revson ya ɗauki gurbin farko da gudun mil 178.696 a awa. A 1972, da aka halatta ɗaura manyan fukafukai, Bobby Unser ya ɗauke shi da mil 195.940. Ƙarin mil 17 a shekara guda ya fito ne galibi daga cikin kwana, inda direba ya daina rage gudu kamar da.

Motar da ake amfani da ita a 2015 ita ce DW12 ta kamfanin Dallara na Italiya, wadda aka fara tsere da ita a 2012, da inji mai silinda shida mai girman lita 2.2, da turbo biyu masu cusa masa ƙarin iska, daga Chevrolet ko Honda, da tayoyin Firestone. A manyan filaye irin wannan, yawancin dannin yana fitowa ne daga ƙarƙashin motar, inda aka sassaƙa ramuka biyu da ke faɗaɗa zuwa baya, iska ta bi ta cikinsu da sauri, matsinta ya ragu, motar ta manne da kwalta. Fukafukan gaba da baya ƙanana ne, aikinsu ya fi karkata ga daidaita motar da cike abin da ya rage. Amma su ne abin da injiniya ke iya taɓawa cikin minti biyu, shi ya sa duk gardamar mako ke komawa kansu.

Abin da injiniya ke zaɓa

Neman gurbi a Indiyanafolis ba kamar na ko'ina ba ne. Mota ɗaya ce ke fita ita kaɗai, ta yi zagaye huɗu a jere, mil 10 ke nan, a ɗauki matsakaicin gudunta. Da gudun mil 230 a awa, kowane zagaye yana cin daƙiƙa 39 da 'yan kai, kuma bambancin mil ɗaya a awa bai kai kashi biyu cikin goma na daƙiƙa a zagaye ba, amma yana iya raba mai sahun gaba da mai sahu na huɗu a jerin tashi na ranar gasa. Direban kirki ba ya ɗaga ƙafa daga totur ko sau ɗaya a cikin waɗannan zagaye, bare ya taɓa birki. Tun da inji yana bayar da iyakar ƙarfinsa daga fari har ƙarshe, hanyar da ta rage ta ƙara gudu ita ce rage turjiya, rage turjiya kuwa yana nufin kwantar da fiffike. Ana kwantar da na baya har ya wuce daidai, bakinsa na gaba ya ɗan kalli sama, kuma ko a haka yana bayar da ɗan danni saboda lanƙwasar jikinsa. Ana kuma rage ko cire siririn leɓen nan da ake ɗaurawa a tsaye a ƙarshen fiffike, wanda tsayinsa bai wuce 'yan milimita ba, wanda ƙungiyar Dan Gurney ta fito da shi a 1971 har ake kiransa da sunansa.

Sai dai kwantarwar tana da iyakar da idan aka wuce ta riba ke komawa asara. Motar da danninta ya yi kaɗan tana zamewa a cikin kwana, direba ya ƙara murɗa sitiyari, tayoyin gaba su riƙa goga kwalta a karkace, gudun da aka samu a miƙe ya tsiyaye a kwana. Kuma motar da ta yi daidai a zagaye na farko, lokacin da roba take sabuwa, ba lallai ta yi daidai a na huɗu ba, lokacin da tayar dama ta baya ta yi zafi ta fara sakin kwalta. Don haka injiniya yana saita fiffike ne da zagaye na huɗu a zuciyarsa. Kafin a tura motar layin jira za ka gan shi yana duban tutocin da ke saman rumfunan 'yan kallo domin ya ga inda iska ta dosa, yana karanta zafin kwalta a na'ura, yana kuma leƙen sama ko wani gajimare zai rufe rana, domin iska mai zafi ba ta da kauri, kuma fiffike ɗaya yana bayar da danni kaɗan da azahar fiye da yadda ya bayar da safe. Iskar da ta bugi hancin mota a wata kwana tana ƙara mata riƙo, ita ce kuma za ta biyo ta ta baya a kwanar da ke ɗaya ɓangaren filin ta rage shi.

Akwai kuma rabon danni tsakanin gaba da baya, wanda ya fi jimillarsa muhimmanci ga direba. Idan gaba ya rasa riƙo, motar tana ƙin juyawa ta nufi katanga da hanci, abin da direba kan ji da wuri ya ɗaga ƙafa. Idan baya ne ya rasa, wutsiya ce ke zamewa, kuma a wannan gudu tsakanin jin zamewar da juyawar motar babu lokacin tunani. Motar da ta ɗan karkata ga sakin baya ita ce ta fi gudu, tun da ba ta ɓata ƙarfi wajen goga tayoyin gaba, kuma nan ne jarabar take. Direba yana da 'yan abubuwan da zai iya taɓawa daga kujerarsa, wato sandunan da ke daidaita taurin gaba da baya, da wata na'ura da ke matsar da nauyi tsakanin tayoyin gaba, amma kusurwar fiffike ba ta cikinsu. Abin da aka saita a rumfar makanikai da shi zai shiga kwana.

Ranar gasa lissafin yana sauyawa gaba ɗaya. Motoci 33 ne a fili, zagaye 200, tanki yana kai mota kimanin zagaye 30 kafin a tsaya. Motar da ke bin wata tana samun sauƙin keta iska a miƙe, domin ta gaba ta riga ta buɗe mata hanya, amma a kwana tana shiga cikin hargitsattsiyar iska wadda ke kwashe dannin fiffiken gaba. Saboda haka saitin gasa yana ɗauke da danni fiye da na neman gurbi nesa ba kusa ba, kuma wanda zai tashi daga baya ya fi mai sahun gaba buƙatarsa. A kowace tsayawa, yayin da ake canza taya ana zuba mai, wani makaniki yana miƙa hannu kan hancin motar ya murɗa madaidaicin fiffiken gaba rabin juyi ko juyi guda, gwargwadon abin da direba ya faɗa ta rediyo. Al'adar filin tun shekaru ita ce a yi mota biyu a jiki ɗaya, ta ranar neman gurbi da ta ranar gasa.

Sabon bodi, gajeren gwaji

Daga 2012 zuwa 2014 kowa bodin Dallara yake sawa. A 2015 aka ba Chevrolet da Honda damar ƙera nasu fukafukan da sassan bodi, domin motocin su bambanta a ido, kuma kamfanonin su sami fagen nuna gwaninta; Chevrolet ta yi aiki da Pratt & Miller, Honda kuma da Wirth Research. Kowane kamfani ya yi samfuri biyu, na hanyoyi masu kwane-kwane da ƙananan filaye, da na manyan filaye, kuma wannan na biyun a Indiyanafolis aka fara tsere da shi. Kowane samfuri yana da sassan da ƙungiya za ta iya ɗaurawa ko cirewa, abin da ya faɗaɗa tazarar da ke tsakanin saitin neman gurbi da na gasa fiye da yadda take a da. Shugabannin gasar ba su ɓoye burinsu na ganin an kusanci tarihin da Arie Luyendyk ya kafa a 1996 ba, wato mil 236.986 a zagaye huɗu, musamman ganin gasa ta 100 tana tafe a 2016. Bisa tsarin da ake bi tun 2012, an kuma shirya ƙara matsin turbo daga kilofaskal 130 zuwa 140 a ranar Juma'a da ranakun neman gurbi, ƙarin da ke bai wa inji kimanin ƙarfin doki 40 zuwa 50.

Ranar Laraba, Hélio Castroneves na ƙungiyar Penske, wanda a lokacin ya ci gasar sau uku, ya rasa bayan motarsa a kwana ta farko. Motar ta juya, ta shafi katanga, ta ci gaba da tafiya da baya, sai wutsiyarta ta ɗaga, ta yi alkafura a sama, ta faɗo ta ƙare a kan tayoyinta. Bugun katangar bai kai ya kawo ba. Tashin ne ya tsoratar. Nan da nan aka cire wa motocin Chevrolet wani siririn tsiri da ke bin tsakiyar hanci zuwa gaban direba, wanda aka sanya tun farko domin ya taimaka idan mota ta karkace, amma aka yi zargin yana da hannu a abin da ya faru. Washegari Alhamis, ba tare da tsirin ba, Josef Newgarden na ƙungiyar CFH ya juya a wannan kwana bayan tayarsa ta baya ta sace, ya bugi katanga, motar ta tashi ta kife ta yi ta jan ƙasa a kife. Ruwan sama ya wanke neman gurbin Asabar. Da safiyar Lahadi, a atisayen ƙarshe, da ƙarin matsin turbo da saitin neman gurbi, Ed Carpenter, wanda ya ɗauki gurbin farko a 2013 da 2014 kuma ake ganin babu wanda ya fi shi sanin filin a zamaninsa, ya juya a kwana ta biyu, ya bugi katanga, motar ta ɗaga har ta lalata shingen waya. Motoci uku ke nan, dukkansu Chevrolet, dukkansu kuma sun tashi ne bayan sun juya baya.

Dalilin tashin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda aka gina motar. Kowane sashe nata an ƙera shi ne domin iskar da ke zuwa daga gaba. Da zarar ta juya, ramukan ƙarƙashinta, waɗanda faffaɗan bakinsu ke baya, sai su koma mazurarin da ke kwasar iska yana cusa ta ƙarƙashin mota, fiffiken baya ya daina dannawa, kuma bugun katanga, ko tayar da ta sace, na iya ɗan ɗaga kusurwa guda. Wannan 'yar ɗagawa ta isa. Duk wanda ya ga guguwar farkon damina ta sami ƙusa ɗaya da ta saki a kwanon rufi ya san sauran labarin: iska ta shiga ƙarƙashi, faɗin da ta kama ya ƙaru, ɗagawar ta ƙara buɗe mata hanya, har a yaye duka. Jirgin fasinja yana barin ƙasa da gudun da bai kai kilomita 300 a awa ba, waɗannan motoci kuwa suna juyawa ne da gudun da ya haura 350, nauyinsu bai kai tan guda ba, ƙasansu kuma faffaɗan faranti ne.

Hukuncin Lahadi

Yayin da ake gyaran shinge, jami'an IndyCar, ciki har da Mark Miles shugaban kamfanin da ya mallaki gasar da Derrick Walker mai kula da harkar tsere, suka shiga ganawa da kamfanonin inji da masu ƙungiyoyi, 'yan kallo na zaune suna jira. Abin da aka fito da shi shi ne a mayar da matsin turbo matakin ranar gasa, kuma sassan bodin da mota ta nemi gurbi da su, da su za ta yi gasa. Wannan sharaɗi na biyu dabara ce mai kyau, domin hukumar ba ta tsaya ƙayyade wa kowa yawan danni ba, ta bar son cin gasar ya yi mata aikin: babu injiniyan da zai yarda ya shiga mil 500 a cikin motoci 33 da tsiraicin bodin neman gurbi. An soke zagayen fitar da gwani na motoci tara mafiya gudu, an ba kowace mota dama ɗaya, an kuma janye makin da ake bayarwa na neman gurbi. Scott Dixon na ƙungiyar Ganassi ya ɗauki gurbin farko da mil 226.760 a awa, ƙasa da mil 231.067 da Carpenter ya yi a 2014. Will Power da Simon Pagenaud suka cike sahun gaba, duka Chevrolet. Honda mafi kusa, ta Justin Wilson, ta zo ta shida. Ba a sami hatsari ba a neman gurbin.

Ƙungiyoyin Honda sun yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu yana da tushe: babu motarsu da ta kife a makon, ga shi an hana su saitin da suka kashe kuɗi da lokaci a kansa saboda matsalar da ta bayyana a motocin abokin hamayya. Duk da haka ina ganin hukumar ba ta da wata mafita a cikin 'yan awannin da take da su. Ƙasan motar da ramukansa iri ɗaya ne ga kowa, na Dallara ne, kuma kasancewar Honda ba ta tashi ba a cikin ranaku biyar bai isa hujjar cewa ba za ta iya tashi ba. Kafa doka biyu a gasa ɗaya kuwa zai haifar da rigimar da ta fi wadda ake ciki.

Inda nake da ja shi ne yadda aka riƙa bayar da labarin daga baya, kamar rage gudu ne ya magance matsalar. Tazarar da ke tsakanin mil 231 da mil 226.8 ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma ko an bi ƙa'idar ninki, ƙarfin iska ya ragu ne da ƙasa da kashi 4 cikin 100. Motar da ta juya baya da gudun kilomita 365 a awa tana da iskar da za ta ɗaga ta kusan daidai da wadda ta juya da 372. Amfanin hukuncin yana wani wuri dabam: ƙarin danni da ragin ƙarfin inji sun faɗaɗa ratar da ke tsakanin abin da direba ke nema daga taya da abin da taya ke iya bayarwa, don haka yiwuwar juyawa tun farko ta ragu. Wannan riba ce ta gaske, amma tana da iyaka. Hatsarin Newgarden daga taya ya taso, kuma babu kusurwar fiffiken da za ta hana taya sacewa. Washegarin hukuncin ma, Litinin 18 ga Mayu, James Hinchcliffe, a motar Honda da matsin turbo na gasa, ya daki katangar kwana ta uku bayan wani ƙarfe a maƙalar tayar gaba ya karye. Wani ƙarfen ya huda cinyarsa, kuma saurin ma'aikatan ceto na filin ne ya hana jini ya ƙare masa. Wannan ma ba shi da alaƙa da fiffike, amma ya nuna cewa hanyoyin da mota ke bi ta kuɓuce suna da yawa, kuma dokar saiti tana toshe ɗaya ce daga cikinsu.

Gasar kanta, ranar Lahadi 24 ga Mayu, ta yi kyau. Juan Pablo Montoya ɗan Kolombiya ya tashi daga gurbi na 15, aka buge shi ta baya tun da wuri har sai da aka canza masa sashen fiffiken baya, ya koma na 30, sannan ya keto ta cikin jerin motoci ya karɓe gaba daga hannun Power saura zagaye huɗu, ya ci da tazarar kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, shekara 15 bayan nasararsa ta farko a filin. Chevrolet ta kwashe matsayi huɗu na farko, Graham Rahal ya zo na biyar da Honda. Hawan Montoya daga na 30 ya nuna cewa saitin gasa na sabon bodin yana bari a bi mota kusa kuma a wuce ta.

Kada a ɗauka daga nan cewa ƙarin danni shi ne aminci a ko'ina. Wata guda bayan haka, ranar 27 ga Yuni, a filin Fontana na Kalifoniya, dannin da aka yarda da shi ya yi yawan da kowa ke iya zagaya fili ba ɗaga ƙafa, motoci suka dunƙule wuri ɗaya sahu uku sahu huɗu, jagoranci ya sauya hannu sau 80, kuma gab da ƙarshe motar Ryan Briscoe ta tashi ta yi alkafura a kan ciyawa. Manyan direbobi, ciki har da Montoya da Power, sun fito fili sun soki irin wannan tsere, domin ba su manta da Las Vegas ba, inda ranar 16 ga Oktoban 2011 irin wannan dunƙulewa ta haɗa motoci 15 a hatsari guda, Dan Wheldon ya rasu, wanda harufan sunansa ne ke jikin sunan motar DW12. Danni kaɗan yana sa mota ta kuɓuce wa direba shi kaɗai, danni mai yawa a fili mai karkata yana cire bambanci tsakanin gwani da mai koyo ya tara su a wuri ɗaya, kuskuren mutum guda ya shafi goma. Indiyanafolis ta fi sauran filaye jure ƙarin danni ne saboda kwaltarta ba ta karkata sosai ba, kuma layin da ake bi a kwana guda ɗaya ne.

Gyaran da ya fuskanci tambaya ta biyu ya zo a 2016. An sanya wa motocin wasu marafai a ƙaramin fiffiken da ke ƙasa a baya, waɗanda ke kwance muddin iska na zuwa daga gaba, su miƙe da kansu idan mota ta juya baya, su karya ɗagawar su kuma rage gudu, dabarar da NASCAR, wata gasar tseren motoci ta Amurka, ke amfani da irinta a rufin motocinta tun 1994. An kuma ɗaura faranti mai ƙusumbi a ƙarƙashin mota, wanda ke sa iskar da ta bugo daga gefe ta danna motar ƙasa lokacin da take juyawa. Farantin ya tilasta a ɗan ɗaga motar daga kwalta, dannin ƙasa ya ragu, wasu ƙungiyoyi, musamman na Honda, suka koka cewa tuƙi ya yi wuya, amma hukumar ta tsaya kan bakanta. Da waɗannan gyare-gyare aka mayar da ƙarin matsin turbo, kuma Hinchcliffe, wanda ya warke, ya ɗauki gurbin farko na gasa ta 100 da mil 230.760.

A 2018 aka rufe babin bodin kamfanoni, aka koma samfuri ɗaya na Dallara ga kowa, wanda ya ƙara mayar da danni ƙarƙashin mota ya kuma cire akwatunan da ke bayan tayoyin baya. Zaɓin da ya rage wa injiniya ya koma ƙarami, kusurwar fiffiken baya da na gaba, da leɓuna da 'yan sassan da doka ta lissafa, amma a cikin wannan ƙaramin fage ana ci gaba da kwantar da fiffike ranar neman gurbi har iyakar abin da direba zai iya ɗauka. Gudu ya dawo ya wuce na 2015: Dixon ya yi mil 234.046 a 2022, Álex Palou ya yi 234.217 a 2023, Scott McLaughlin ya yi 234.220 a 2024. Kifewa kuma ba ta ƙare ba, domin motar Colton Herta ta kife a atisayen ƙarshe na 2022, ta Nolan Siegel ma ta tashi a atisayen 2024, kuma hukumar tana ci gaba da gwada motar a ɗakin gwajin iska da kwamfuta a karkace da kuma a juye, tana ƙara ƙananan sassa a ƙasanta da bayanta gwargwadon abin da gwajin ya nuna.